Allon Sharhabilu da Idon Kawu

A duk Talata Mafara, in ka tsaya bakin tasha ka tambaya wa ya fi kowa sanin kayan zamani, kafin wani ya buɗe baki Sharhabilu zai ba ka amsa, kuma sunan kansa zai faɗa maka. Makaranta dai a aji huɗu na sakandare ya yi sallama da ita, a cewarsa don malamai sun fara maimaita abin da ya riga ya sani. Tun daga nan ya gyara rediyon liman ta daina kama kowace tasha sai ta Nijar, ya gyara fankar mai shayi ta koma juyawa da baya tana zuƙe iskar jama'a. Duk da haka Injiniya yake kiran kansa. Mutane ma haka suke kiransa, sai dai da wata irin murya.

Abin da ke cin ransa shi ne Mufida, 'yar kawunsa Alhaji Mamuda. Ita dai ba ta taɓa cewa ba ta so ba, dariya kawai take in ya zo zance. Uban ne ya kafe, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ba a taɓa ganin abin da ya taɓa ya gyaru ba.

To amma Sharhabilu ya san wani sirri na kawun nasa. Wata rana ya ari hular Alhaji, wata kube mai ruwan zuma da ke da 'yar ƙunar dutsen guga a gefe, irin aron da mai kaya ba ya sani. Mantuwa ta sa ya shiga gaishe shi da ita a kai. Alhaji ya kalle shi ya ce, "Wagga hula taka ta yi kyau. Ina da irinta, ta ɓace."

Sharhabilu ya ce, "Allah shi bayyana ta, Kawu."

Ya fito ya fahimci cewa idon Alhaji ya fara ritaya. Hular kuwa bai mayar ba, ganin mai ita da kansa ya yaba.

Dalilin da ya hana Alhaji sa tabarau kowa ya san shi. Yana da taubashi a Bakura, Malam Tijjani, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma tun suna yara suke musun wa ya girmi wani, don a damina ɗaya aka haife su kuma duk wanda ya san gaskiya ya rasu. Ranar da Tijjani ya fara sa tabarau, Alhaji ya bi shi gidan biki da gidan suna yana kiransa Mai Ido Huɗu, yana cewa ai yanzu tsufa ya raba gardama ta wata hanyar, lalatacce ya bayyana. Har ya yi alkawari gaban mutane cewa duk ranar da aka gan shi da gilashi a fuska, zai kira Tijjani da Yaya a bainar jama'a. Ga shi yanzu an zaɓe shi shugaban ƙungiyar manoman rani, an kuma sa babban taro a Maradun, kuma shugaba ne zai karanta jawabi da bakinsa.

Ranar Talata, kasuwa ta cika, Sharhabilu ya tsaya rumfar Bello mai gwanjon kayan lantarki. Cikin tarin tsofaffin wayoyi ya hangi wani abu fale-fale, bai kai faɗin littafin rubutu ba, fuskarsa fara-fara kamar takarda.

"Mi ne wanga, Bello? Talabijin ce ta yi rashin lafiya?"

"Na'urar karanta littattafai ce. Ba ta kira, ba ta kallo, karatu kawai. Fuskarta ba ta ƙyalli, ko cikin rana tsaka kana ganin rubutu. Ka ga nan, kana iya ƙara girman baƙaƙen, kana iya canza salon rubutun."

Bello ya taɓa wani wuri, harufa suka kumbura. Sharhabilu ya ji kamar an buɗe masa ƙofar gidan Alhaji Mamuda har cikin tsakar gida.

"Caji hwa?"

"Yana daɗewa ƙwarai. Kuma ka lura, ko ta mutu rubutun ba ya gogewa, shafin ƙarshe shina nan zaune. Saboda haka kada ka ga rubutu ka ɗauka..."

"Bello, ni za ka koya wa lantarki?"

Abin da Sharhabilu ya kwasa daga wannan bayani shi ne na'urar ba ta cin wuta. Wayar cajin da Bello ya haɗa masa da ita, kafin ya bar kasuwa ya mai da ita igiya ya ɗaure ƙafafun zakaran da mahaifiyarsa ta aike shi saye.

Mufida ce ta rubuta jawabin a wayarta, ta kuma sa aka buga wa mahaifinta a takarda shafi biyu. Sharhabilu ya karɓa ya kai shagon kwamfuta aka zuba masa a na'urar. Takardar kuwa, a kan hanyarsa ya miƙa wa mai tsire kyauta, ya ce zamanin takarda ya wuce, gara ta yi wa al'umma aiki na ƙarshe.

Ya sami Alhaji a zaure bayan la'asar. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da gona da ruwan madatsa da lafiyar kowa har awaki, sannan Sharhabilu ya matso ya rage murya.

"Kawu, na kawo maka tabarau wanda ba a sawa a fuska."

"Wa ya ce maka ina neman tabarau?"

"Ba kowa. Ai idonka garau. Takardun zamani ne anka lalata, suna tsuke rubutu don rowar tawada."

Alhaji ya gyara zama. "To ka ga ka faɗi gaskiya. Mu gani."

Sharhabilu ya ɗora masa allon a cinya. Don burga, ya zaɓi salon rubutu mai lanƙwasa da jela irin na katin ɗaurin aure. Alhaji ya kai shi nesa, ya dawo da shi kusa.

"Tsutsotsi nike gani. Waɗanga 'yan akwatuna hwa da ke tsakanin kalmomi?"

Wannan salon bai san harufanmu masu ƙugiya ba, duk inda ya ci karo da ɗaya sai ya ajiye ɗan akwati. Sharhabilu bai san haka ba, amma rashin sani bai taɓa hana shi amsa ba.

"Wurin hutawa ne, Kawu. In ka kai nan sai ka ja numfashi."

Daga bayan labule Mufida ta ce, "Injiniya, in Baba ya huta a kowane akwati, sai an yi girbi bai gama ba. Ka koma wa rubutu na fili mana."

Ya koma wa na fili yana cewa dama gwaji yake. Akwatuna suka ɓace.

"Ƙara girma," in ji Alhaji.

Ya ƙara.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Kai, rowa ka gada? Ƙara."

Ya danna har ƙarshe. Kowane baƙi ya zama kamar ƙwallon goro, shafi guda bai ɗauki fiye da kalma uku ba. Fuskar Alhaji ta washe. Ya karanta da ƙarfi, "Assalamu alaikum jama'a." Ya ƙura wa rubutun ido, don ya daɗe rabonsa da karanta abu da kansa. Sannan ya ce, "Ɗan nan, in wanga abu ya fid da ni kunya a Maradun, ka turo iyayenka."

Labule ya motsa. Sharhabilu ya durƙusa ya yi ta godiya.

Matsala ta fara da juya shafi. Alhaji ɗan makarantar allo ne, ba ya karatu sai yatsa na bin layi, kuma ba ya buɗe shafi sai ya lashi yatsa. Da ya ɗora yatsa yana ja a ƙarƙashin kalma, sai na'urar ta ɗauka umarni ne, ta tsallake ta kai shi tsakiyar maganar takin zamani. Da ya lashi yatsa ya dangwala, sai ta ƙi motsi, can kuma ta zabura ta kai shi addu'ar rufewa.

"Wanga abu aljani gare shi?"

"Ba ya son yawu, Kawu."

"Littafin da ba ya son yawu ai ba littafi ba ne."

Aka ba shi tsinken tsintsiya ya riƙa nuni da shi, na'urar ba ta ji tsinke ba, sai ya ƙara ƙarfi har ya bar mata zane a fuska. Aka naɗe masa yatsa da ƙyalle, ya manta ya lashi ƙyallen. Daga ƙarshe aka yanke shawara: Alhaji zai riƙe hannayensa a baya kamar soja, Sharhabilu zai tsaya gefensa riƙe da allo yana juya shafi. Wannan ya yi wa Sharhabilu daɗi, don yana nufin duk hoton da za a ɗauka da shi a ciki.

Mufida ta tare shi a ƙofar gida. "Ka sa masa caji kuwa?"

"Dubi nan. Tun ranar Talata rubutu bai gushe ba. Wanga da hasken rana yake kiwo, kamar ƙadangare."

"To wancan ɗan zanen da ke sama, wanda ya kusa zama fanko?"

"Alamar kamfani ce."

"Allah shi kyauta, Injiniya."

Da ya bar abin haka, wataƙila da taron ya wuce ba wanda ya lura. Amma Alhaji ya aike shi Bakura ya kai wa Malam Tijjani takardar gayyata, kuma Sharhabilu bai taɓa riƙe labari ya kwana da shi ba. Ya tarar da Tijjani a majalisa ƙarƙashin dalbejiya da abokansa, tabarau mai hawa biyu a kan hanci.

"Ƙanena Mamuda zai yi karatu gaban jama'a?" in ji Tijjani. "Da wane idon? Bara a gidan suna na ga ya miƙa wa turmi hannu."

"Baba Tijjani, ai yanzu an wuce nan. Na kawo masa na'ura daga waje, ko makaho ya kalle ta sai ya karanta."

"Au, ashe har sai da na'ura?"

Sharhabilu ya ji ya taka wani abu. "A'a, nufina, ado ne kawai."

Tijjani ya cire tabarau ya goge da bakin riga, a hankali, yana murmushi. Ya dubi 'yan majalisa. "Ku nemi mota. Duk mai son ya ji an kira ni Yaya, shi shirya zuwa Maradun."

Ranar taro filin ya cika. Manoman albasa da na shinkafa daga garuruwan Janbako da Kaya, baƙi a kujerun gaba ƙarƙashin rumfa, ga 'yan Bakura mota guda sun kama layi na biyu, Tijjani a tsakiyarsu. Mata suna gefe, Mufida cikinsu. Sharhabilu ya sha shadda ya kafa hula mai ruwan zuma, ya bi bayan kawunsa yana ɗauke da allo da hannu biyu kamar mai kai tiren baƙi.

Farkon abin ya tafi lafiya, sai dai a hankali. Kalma uku, a juya. Kalma uku, a juya. Na'urar kuma duk juyi sai ta yi wani ɗan ƙiftawa baƙi kafin ta kawo na gaba.

"Assalamu alaikum jama'a." Ƙift. "Manyan baƙi da." Ƙift. "Ƙananan baƙi da." Ƙift. "Sauran 'yan uwa."

Wani tsoho a baya ya ce wa na kusa da shi, "Shugaba shaƙuwa yake?"

"A'a, haka manya ke magana yanzu."

Sharhabilu yana jin haka ya ƙara buɗe ƙirji. Da mai hoto ya matso, sai ya juya fuska ya yi murmushi, yatsansa ya danna sau biyu. Alhaji ya tsallake sunan babban baƙo gaba ɗaya, ya faɗa kan injin ban ruwa. Sharhabilu ya koma baya da sauri ya zarce, Alhaji ya sake yi wa jama'a sallama. Jama'a, da yake masu ladabi ne, suka sake amsawa.

Aka lallaba har aka kai wurin godiya. Allon ya nuna: ina ƙara godiya.

"Ina ƙara godiya," in ji Alhaji.

Sharhabilu ya danna. Ba ƙift. Rubutu na nan fes, baƙi a kan fari, ko a rana tsaka ana ganinsa, kamar yadda Bello ya faɗa.

Alhaji ya ɗauka sabon shafi ne. "Ina ƙara godiya."

"Madalla," in ji jama'a.

Sharhabilu ya sake dannawa. Ya danna gefe, ya danna tsakiya, ya girgiza. A ɓoye ya lashi yatsa ya gwada hanyar Kawu.

"Ina ƙara godiya," in ji Alhaji, yanzu da harara ta gefen ido.

"Mun gode mu ma," in ji wani daga Kaya.

Sharhabilu ya ɗaga allon sama ya fitar da shi daga inuwar rumfa ya nuna wa rana, ko zai yi kiwo. Alhaji ya bi shi da wuya, ya bar makirfo, ya dawo.

"Mi ya faru?" ya tambaya a hankali, ya manta lasifika na ji.

"Shina tunani, Kawu."

Lasifika ta kai wannan ma har bakin titi. Layin 'yan Bakura ya fara girgiza.

Tijjani ya ce daga zaune, "Mamuda, mun karɓi godiya. Sai mi kuma?"

Alhaji ya miƙa hannu. "Ba ni takardar."

"Wace, Kawu?"

"Ta jawabi."

"Tana wurin mai tsire."

Dariya ta tashi daga baya ta gangaro gaba har babban baƙo ya rufe baki da hankici. Alhaji ya tsaya, hannaye a baya kamar yadda aka koya masa, gumi na bin gemunsa. Bai haddace ko layi ɗaya ba, don Injiniya ya ce haddar jawabi aikin mutanen da ne.

Mufida ta taso daga cikin mata, ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta wayarta. "Ga shi nan duka, Baba."

Alhaji ya kalli wayar. Rubutu kamar ƙwayar gero, fuskar kuma sai ƙyalli take. Ya kai ta nesa iya tsawon hannunsa, hannun ya ƙare.

Sai ga Malam Tijjani ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya tako har gaban makirfo, ya cire tabarau ɗinsa, ya hura masa iska, ya goge, ya miƙa. Sannan ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya yi wa wayar inuwa.

"Karɓi, yaro. Kunya ta ishe ka haka."

Alhaji ya dubi abin da ke hannun taubashinsa. Ya karɓa ya maƙala. Ya dubi waya, ya ga rubutu ya zauna daram. Ya gyara murya, ya matso da bakinsa kusa da makirfo.

"Na gode, Yaya Tijjani."

"Ban ji ba, injin ban ruwa ya kashe min kunne."

"Na ce Yaya. Kuma Allah shi isa."

'Yan Bakura suka yi ta tafi kamar an ci ƙwallo. Alhaji ya karanta jawabinsa tiryan-tiryan, yatsa na bin layi a iska don Mufida ta riƙe masa hannun riga kada ya taɓa. Da ya kai wurin godiya sai ya tsallake, ya ce wannan an riga an yi.

Sharhabilu ya ga dama ta samu, ya fara ja da baya a hankali zuwa inda aka ajiye babura. Sai dai Alhaji ya ɗago kai ya leƙa ta hawan sama na gilashin, yana duba duniya kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Ya ga fuskokin mutane, ya ga ganyen bishiya ɗaya-ɗaya. Sannan idonsa ya sauka a kan wata hula mai ruwan zuma da 'yar ƙunar dutsen guga a gefe.

"Sharhabilu. Zo nan."

Ya zo.

"Wagga hula ta wa?"

"Kawu, ai kai ka yi addu'a Allah shi bayyana ta."

"Kai ka yi addu'ar. Ni amin na ce. Cire."

Ya cire a gaban Janbako da Kaya da Bakura. Askin da ke ƙarƙashi shi ya yi wa kansa da injin da ya gyara, shi ya sa dama hular ba ta sauka.

Tijjani ya leƙa kan, ya ce, "Mamuda, ba ni gilashina. Wanga abu gara a gan shi dishi-dishi."

Maganar turo iyaye, Alhaji ya ce tana nan, ba a soke ba, an dai ɗaga. Wai sai Sharhabilu ya yi rani guda a gonar albasar Alhaji, ya shuka abu ya fito, a gani da ido, tunda yanzu akwai idon. Washegari Alhaji da kansa ya je aka auna shi aka yanka masa tabarau, ya ce tunda an riga an biya farashin, banza ne a bar kayan.

Na'urar kuwa Mufida ta karɓe. Ta je gidan su Sharhabilu ta kwance wayar caji daga turken kaji, ta wanke ta, ta jona. Yanzu a ciki take karanta littattafanta, da rubutu madaidaici, a inuwar zaure. In ya dawo daga gona da taɓo har gwiwa sai ta ɗago kai ta ce, "Sannu da aiki, Injiniya. Ina ƙara godiya."

Shi kuwa har gobe in ka same shi a bakin tasha da tsohuwar hular kaba a kai, zai ce maka likitoci sun yi, 'ya'ya sun yi, matan gida sun yi, ba wanda ya iya sa Alhaji Mamuda ya sa tabarau. Shi a zama ɗaya ya gama aikin. In ka tambaye shi hular fa, sai ya ce kan ne ke buƙatar iska.